Gwaggona, Wadda Ta Ƙi Kashe Firigo

Na Allah ne mu duka, mai haƙuri da mai faɗa, kuma wurinSa za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye ta raine ni har ta aurar da ni, ta koma a tsakiyar bazarar nan, da hantsi, kanta a cinyata.

Gidanmu bai rabu da mutane ba har aka yi sadakar uku. An ƙetaro gada daga Gaya, an zo daga Gene, matan Garu masu kifi sun zo a bayan babura. Na gode wa kowa, Allah Ya ba da lada. Amma na ji maganganu a zaman makokin nan da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Mace za ta shigo ta zube a tabarma, ta ja hanci, ta ce, "Wayyo Hajiya! Mata mai haƙuri, ba a taɓa jin ta da kowa ba." Alhali mai faɗin haka sun yi shekaru ba sa ga-maciji da Gwaggo. Kowa ya shigo sai ya shafa mata wannan haƙurin da ba nata ba, har na fara tunanin ko sun ɓata gida ne, wata Hajiyar suka zo yi wa addu'a.

Shugaban reshen kamfanin wuta na garinmu, wanda muke kira Shef, shi ma ya zo da mutanensa. Bayan addu'a ya ɗaga murya yadda mata za su ji daga ciki, ya ce ya ba da umarni kada a ɗauke wutar layinmu har a tashi daga makoki. Maza suka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya tambaye shi a wace unguwa za a ɗauke ta a madadinmu.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, wata tsohuwa daga Garu da ta daɗe tana kawo wa Gwaggo ajiyar kifi. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, bar su. Hajiya ba ta da haƙuri ko na dala. Don haka na munka riƙe ta." Sai a lokacin na yi kukan da ya fito daga cikina.

Ina rubuta wannan ne don kada a binne halinta tare da ita. Kuma don firigoginta yanzu a hannuna suke, ni ta bar wa, ga shi tun ba a naɗe tabarmin makoki ba aka fara raɗe-raɗin cewa baƙi na nan tafe daga Kwatano. Duk unguwa ta zuba ido ta ga ko zan kashe su ranar, ko zan bi sawunta. Wanda zai zo ya roƙe ni in kashe kuwa mahaifina ne.

Gwaggo ƙanƙara take sayarwa. Zauren gidanta cike yake da firigogi, manya masu murfi a sama, wasu na ƙanƙarar leda, wasu na kifin da matan bakin kogi ke kawowa ajiya kafin ranar kasuwa. Da kunne take sanin lafiyarsu. Tana cikin magana da ke sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Tsaya. Wancan na ƙurya shina nishi." In ta ce haka, to wuta ta yi rauni, ki duba kwan fitila za ki ga ya yi ja. Ba ta yarda da mai cewa "ba komai" ba. In ta tambayi mutum yaya gida ya ce ba komai, sai ta ce, "To zamna, hwaɗa mani komai ɗin." Ta tsani turaren da ake fesa wa ɗaki don ɓoye wari. Takan ce a nemo abin da ya mutu a fitar, sannan a yi maganar turare.

Kuma akwai wani ƙaramin firigo mai ƙofa da ba a saka kayan sayarwa a ciki. Maganin mutane ne a ciki: allurar masu ciwon suga, maganin ido, na jarirai. Duk wanda likita ya ce ya ajiye magani a sanyi, wurinta yake kawowa, ba ta taɓa karɓar komai a kai ba. Sai dai mutum ya sha faɗa in ya makara zuwa karɓar allurarsa.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba: kamfanin da ke ba mu wuta ba a sake masa ya yi yadda ya ga dama ba. Akwai hukuma a Kwatano da aka ɗora wa sa masa ido. Doka ta ce wuta ta zo da ƙarfinta, in za a ɗauke a sanar da mutane, in abu ya lalace a gyara a kan lokaci, in kamfani ya gaza a hukunta shi. Wallahi ni ban ga aibin dokar ba. Lokaci-lokaci hukumar takan turo mutanenta su maƙala na'urar awo a jikin taransifo, ƙaton akwatin ƙarfen nan da ke kan turaku yana raba wa unguwa wuta, su wuni suna duba ko yana ɗaukar nauyin da ke kansa. Wai zuwan bazata suke yi. Bazatar da motar kamfani ke zuwa tarba tun daga Kandi.

Taransifon unguwarmu an kafa shi ne tun gidaje ba su kai rabin haka ba. Ya tsufa, kaya sun yi masa yawa, kullum da rana sai ya gaza. Abin da ya kamata baƙin su gani ke nan. To amma mu muna da al'adarmu, muna ce mata ranar baƙi. Da an ji suna tafe, Baba mahaifina, wanda shi ne dattijon 'yan kasuwar unguwa, zai bi gida-gida bayan sallar asuba yana cewa a taimaka a rage kaya. Mai injin casar shinkafa ya rufe. Mai walda ya tuna da wata gaisuwa a ƙauye. Teloli su koma keken ƙafa, masu firigo su zare waya. Sai taransifo ya samu hutu, ya wuni lafiya lau, baƙi su auna su ga komai daidai, a ba su abinci su kama hanya. Da la'asar kowa ya kunna, wuta ta tafi.

Ba wanda ya taɓa ba mu ko dala don mu yi haka. Da cin hanci ne, da na fi gane shi. Kunya ce kawai, da abin da muke kira rufin asiri. Shef na wancan lokacin mijin ƙanwata ne, a masallacinmu yake salla, shi ke fara zuwa in an yi haihuwa. Yaya za a bari a zo daga kudu a ci masa mutunci a gabanmu? Kuma mu 'yan kasuwa ne, hannunmu ya saba ɗora manyan albasa a bakin buhu. Gwaggo ta yi shekaru tana kashewa tana gunaguni. Takan ce, "Mai albasa dai wani shika cuta. Ku kanku kuka cuta, kuna murna."

Abin ya ƙare ne a wata bazara, baƙi ba su daɗe da tafiya da kyakkyawan labarinmu ba. Wuta ta yi kwanaki tana zuwa rabi-rabi, ba ta tafi ba, ba ta zo ba, irin wadda ta fi ɗaukewa sharri. Injinan manyan firigogi biyu suka ƙone, ba mu ankara ba don murfi a rufe yake. Kifin matan Garu ne a ciki, kamun mako guda na gidaje da yawa. Ranar da Gwaggo ta ɗaga murfin, ni na fita da gudu na yi amai a bakin kwata. Kifin ya kumbura ya yi kore, ruwansa ya yi kauri, ƙudaje suka cika zauren kafin a rufe ƙofa. Warin ya kama labule, ya kama gashin kanmu. Tsohuwar nan ta Garu ta tsaya tana kallo, ba ta yi kuka ba, ta ce kawai, "Hajiya, mi za ni ce ma masu shi?"

Gwaggo ta naɗe hannun riga. Ta kwashi kifin da hannunta ta cika babbar roba, ta ɗora a kai, da tsufanta, ruwan yana zuba a mayafinta. Ta bi titi da ita har inuwar da Baba da dattawa ke zama bayan azahar, ta dire a tsakiyar tabarmarsu.

"Ga abin da kunka ɓoye ma baƙi," in ji ta. "Ku shaƙa."

Dattawa suka watse suna toshe hanci da bakin riga. Baba ya miƙe. "Yaya, mi ak wanga? Gaban mutane?"

"Gaban mutane kaka bi gida-gida kana cewa a kashe. Gaban mutane za ka shaƙa."

"Yaron ga surukinmu na. Ɗiyarki na aure gidanai. In anka kore shi, ke za ki ji daɗi?"

"Waɗanga da kihinsu yar ruɓe, su ba ɗiyan kowa na ba? Kai Alhaji, ni na goye ka. Ban goye ka don ka tsufa kana share ma ƙarya hanya ba."

Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ranar ba. Ya sa takalmi ya tafi, ya bar carbinsa a kan tabarma.

Da aka sake jin baƙi na tafe, Baba ya yi zagayensa da asuba, Gwaggo ta yi nata da hantsi. Ita mata ta bi, masu ƙanƙara da masu lemun leda da matan masu injin niƙa. Ban san abin da ta gaya musu a ɗakunansu ba, na dai san warin kifin bai gama barin hancin kowa ba. Ranar, baƙi na maƙala na'urarsu, unguwa ta ɗauki ƙara. Injin casa ya tashi, firigogi suka tashi, har dutsen guga aka jona a gidajen da ba su da kayan guga. Gwaggo ba ta nemi a yi ƙari ba, ta ce kowa ya kunna abin da yake kunnawa kullum, amma kin san mutanenmu in sun samu mai shige musu gaba. Kafin azahar taransifo ya yi tari, ya fitar da hayaƙi, mai ya tsiyayo daga gindinsa a gaban baƙi. Suka ja da baya suna ɗaukar hoto da waya.

An ce an hukunta kamfanin. Mu dai ba mu ga hukuncin da idonmu ba. Abin da muka gani shi ne an ɗauke mijin ƙanwata an jefa shi can kudu, ƙanwata ta bi shi da yaranta, sai a shekara ba mu gan su ba. Manyan da suka yi shekaru suna ƙin aiko da sabon taransifo ba wanda ya taɓa kujerarsu. Baba ya daina shiga gidan Gwaggo. In ya zo wucewa zai tsaya a bakin zaure ya ce, "Yaya, an kwana lahiya?" ta ce, "Lahiya lau, Alhaji," ya wuce. Haka suka zauna, 'yan ɗaki ɗaya, har ajalinta ya zo.

An kawo mana wani taransifon kuwa, da sabon fenti yana ƙyalli. Mata suka yi guɗa, aka riƙa nuna Gwaggo a kasuwa. Ta ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har ta yi ɗinki. Sai ranar kasuwa tsohuwar Garu ta zo da kifi, ta tsaya a gindin turakun ta daɗe tana kallon sama. Da ta shigo ta ce, "Hajiya, wancan namu na. Na san shi, ga lotsawar da motar yashi tay yi mishi. Sun zo sun kwance shi sun ce gyara za a yi. Tun ran nan muna cikin duhu."

Ashe haka aka cika umarnin hukuma. An ce a gyara wutar unguwarmu cikin lokaci, aka gyara, aka shafa fenti, aka aika da hoto. Ƙauyen Garu ba ya cikin wuraren da baƙi ke zuwa awo, hanyar ba ta da kyau.

Gwaggo ta zauna a kan buhun leda. Can ta tofar da yawu gefe ta ce, "Tir. Ashe bulalar da anka ɗaga musu, bisa bayanku tas sauka." Ta je ofishin sabon Shef ta faɗi abin da ke bakinta, ya ba ta kujera da ruwa ya ce za a duba. Ta koma, ya ce ana dubawa. Ƙauyen ya kusa shekara kafin a mai da musu wani. Duk tsawon lokacin, zaurenmu ya zama wurin cajin matan Garu, wayoyi da fitilu a jere a kan kowane firigo, kuma kowace za ta koma da ƙanƙara a buhu ba ta biya ba. Rigar da ta ɗinka ba ta sake sa ta ba.

Na taɓa tambayarta ko ta yi nadama. Ta harare ni. "Nadamar mi? Ƙyama dai nika ji. Ƙyamar su, da ƙyamar mu." Sabon Shef bai daɗe ba ya zama ɗan gida, ya shiga masallacinmu, ya fara zuwa suna da biki, ranar baƙi ta dawo kamar ba a taɓa fasa ta ba. Matan da suka yi guɗa su suka fara zare waya. Suka ce ai an ga abin da tonon asiri ya jawo. Gwaggo kaɗai ta rage. Duk ranar baƙi unguwa za ta yi tsit, sai ƙugin zaurenta, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa tana kallon duk mai wucewa a ido.

Baba ya shigo gidan ana gobe baƙi za su zo, bayan mun yi sadakar bakwai. Rabonsa da ƙetare zauren nan tun da aka ɗauke mijin ƙanwata, in ban da ranar da aka fitar da ita. Ya tsufa ƙwarai a 'yan kwanakin. Ya zauna a kujerarta, ya daɗe yana kallon firigogin.

"Ɗiyata, kin san abin da yak kawo ni."

"Na sani, Baba."

"Ita ta tahi. Ke za ki zamna da mutane. Mutumin ga ya yi muna karamci cikin makoki, kowa ya gani. Wuni guda na. Ki ba ni wanga, ban taɓa roƙonki komi ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Ina durƙushe a gabansa, idona a ƙasa. Na ce, "Baba, ka gahwarce ni. Komi kac ce in yi, ina yi. Wanga ɗai, ba ni iyawa."

Bai yi faɗa ba. Ya dafa gwiwa ya tashi ya fita, bai sa mini albarkar da ya saba ba. Na wuni da wannan a raina.

Washegari unguwa ta mutu. Ba ƙarar inji, ba walƙiyar walda, mai casa ya kulle ya tafi. Na bar firigogina duka a kunne, na zauna a bakin ƙofa inda take zama. Amma me firigogin gida ɗaya za su yi wa taransifon da unguwa guda ta sauke wa kaya? Ya wuni garau. Wutar ranar ma ta fi ta kullum kyau, ƙanƙarata ta yi tauri yadda ban ga ta yi ba duk bazarar.

Bayan azahar sai ga Shef da baƙin, su biyu, da Baba a bayansu. Wai an gaya musu an yi rashin babbar 'yar kasuwa, suka ce a kawo su gaisuwa. Sun jiƙe da gumi, rana ta dafa su a gindin turaku. Baƙo ya shigo gidan makoki a wannan zafin, me zan yi? Hannuna ya riga tunanina. Na buɗe firigo, na fasa ƙanƙara a kwano, na zuba ruwa na miƙa musu.

Babbansu ya sha ya lumshe ido. Ya ɗauki guntun ƙanƙarar ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa ta a bakin kwano, ya dubi jerin firigogin da ke ƙugi, ya yi magana da Faransanci yana dariya. Na ji abin da ya ce sarai, amma Shef bai bar ni ba sai da ya fassara wa kowa: wai ga shaida ta fi ta na'ura, garin da ake ƙanƙara irin wannan a tsakiyar bazara ba shi da matsalar wuta. Suka yi mini ta'aziyya, suka ce Allah Ya albarkaci sana'a, suka fita. Na tsaya da kwanon a hannu, ina jin kamar in wanke kaina da toka.

Baba bai raka su ba. Ya zauna a kujerarta, kansa a sunkuye. Muna nan har aka kira la'asar, muka ji motarsu ta tashi, muka ji injin casa ya kama, mai walda ya dawo daga ƙauyensa. Ba a jima ba fitilar zauren ta yi ja, firigogin suka yi nishi ɗaya bayan ɗaya, suka yi shiru. Zafi ya rufe mu.

Can Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Da tana nan, ruwan randa za ta ba su. Mai ɗumi. Kuma ta tsaya bisa kansu sai sun shanye."

Muryarsa ta karye. Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza, dattijo mai furfura yana kiran "Yaya, Yaya" a hankali. Na matsa na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya daɗe kafin ya lalubo kaina ya dafa.

"Allah shi jiƙan ta," in ji shi. "Allah shi haskaka mata kabari, shi yahe mata, shi yahe muna abin da munka yi mata."

Na ce amin. Sannan na tashi na fara kwashe maganin mutane daga ƙaramin firigo ina jerawa cikin ƙanƙara, tun ba ta narke ba.